Ba Gajiya

Yayana manomin citta ne a wani ƙauye kusa da Kwoi, kuma dattijo a ikkilisiyarmu. Bayan rasuwar matarsa, yaransa suka koma Sabon Tasha neman aiki, ya zauna shi kaɗai a gidan. Ni kuwa ina Kafanchan, inda na yi aikin ajiye bayanan ɗalibai a makarantar sakandare har na yi ritaya. Saboda wannan aikin yake kirana Akawu, ko a gaban mutane.

A shekarunsa na ƙarshe barci ya riƙa kama shi da rana tsaka. Yakan yi gyangyaɗi ana tsakiyar wa'azi, matan zumunta su ce dattijo ya yi nisa cikin addu'a. Wata Lahadi bayan sujada ya kwanta a falona. Na zauna ina jin minsharinsa yana hawa, sai ya yanke ɗif, ƙirjinsa yana motsi amma iska ba ta shiga, har na miƙe zan taɓa shi, sannan ya zabura da shaƙa kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Haka ya yi ta yi. Mutumin da ke hawa babur da buhunan citta a baya, ban ga yadda zan bar shi haka ba.

Na kai shi wani ƙaramin asibiti a gari. Nas ɗin, yarinya mai ladabi, ta bayyana mana cewa akwai ciwon da ke sa numfashi ɗaukewa cikin barci, kuma gwajinsa na ainihi sai a babban asibiti. Kafin a tura mutum can, ana yi masa tambayoyi daga wata takarda, a haɗa maki. Takardar da Turanci take. Ita kuma tana juya ta zuwa Hausa da baki, domin harshenta na gida daban yake da namu.

"Baba, kana minshari mai ƙarfi?"

"Ni dai ban taɓa ji ba," ya ce. Ta yi murmushi, ta rubuta a'a.

"Akwai wanda ya taɓa ganin numfashinka ya tsaya kana barci?"

"Wa zai gani? Mai ganin ta riga ni tafiya."

Na ce ni na gani. Yaya ya juyo ya dube ni. "Akawu, kai aka kawo ko ni?" Nas ta ce an koya musu su rubuta abin da ya fito daga bakin mara lafiya. Na ce tambayar da kanta shaidar wani take nema, ga kuma mai shaidar a zaune. Ta ce za ta faɗa wa likita. A gurbin amsar dai a'a ta rubuta, ina kallo.

Sai ta zo kan tambayar da har yau take ci mini rai. A takardar, ana son a san ko mutum yana yini a gajiye, barci yana fizgarsa. Ita kuwa ta ɗago kai ta ce, "Baba, yaya gajiya?"

"Ba gajiya, 'yata," ya amsa, har da ɗan sunkuyar da kai.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san wannan gaisuwa ce. Mutum ya dawo daga gona ƙafafunsa suna rawa, a ce masa ina gajiya, ya ce ba gajiya. Yayana a kasuwa da majami'a ya koyi Hausa, gaisuwa kuma ita ce farkon abin da ya koya. Da an tambaye shi da harshenmu, da kalmar da muke faɗa wa jikin da ya ƙi tashi, wataƙila da ya faɗi gaskiyar halinsa. Amsar ladabi ya bayar, aka shigar da ita a matsayin bayanin lafiya.

Aka auna wuyansa da nauyinsa. Siriri ne, noma ya cinye duk wani kitse a jikinsa, saboda haka nan ma bai sami maki ba. Jininsa kuma bai hau ba a ranar. Likita ya dubi jimlar, ya saurare ni a taƙaice, ya ce a rage aiki a ƙara hutu. A hanya Yaya ya ce, "Ka ji ko? Takarda ta wanke ni. Kai da ka yarda da takarda fiye da fasto."

Da kakar citta ta zo, ya kauce hanya da babur ɗinsa a miƙaƙƙen titi, da rana, ba rami, ba mota a gabansa. Wanda ke binsa a baya ya ce ya ga kansa ya langaɓe kafin babur ɗin ya karkace. Bai kai asibiti da rai ba.

Ba ni da shaidar cewa wancan ciwon ne, domin ba a taɓa gwada shi ba, kuma ba na rubuta abin da ban tabbatar ba. Daga baya wani likita ɗan ikkilisiyarmu ya gaya mini cewa irin waɗannan tambayoyin a wasu ƙasashe aka tsara su, aka gwada su a kan mutanen can, kuma ba a ko'ina suke kama masu ciwon daidai ba. Na tambaye shi wa ya gwada su a kanmu, da wane harshe. Ya ce bai sani ba. Ban ga laifin yarinyar ba. Laifin yana wuyan duk wanda ya miƙa mata takardar ba tare da ya zauna ya ji yadda muke magana ba.

A zaman makoki mutane suka yi ta shigowa daga Zonkwa da Kaduna. Ban runtsa da kyau ba tun ranar hatsarin. Kowa ya riƙe hannuna ya yi mini gaisuwa, ya ƙara da ina gajiya. Na buɗe baki da niyyar faɗin gaskiya ko sau ɗaya. Ba gajiya na ce, ga kowannensu.