Yadda Na Kawo wa Baba Gonarsa Har Ɗaki

Shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, a ita aka fara dasa tumatir a gonarmu ta bakin kanal ba ya wurin. Yayyena biyu suka karɓi noman. Ba su raina shi ba, Allah ya sani. Kullum da safe za su durƙusa su gaishe shi, ya ce, "Ya gona?" su ce, "Lafiya lau, Baba," su tashi. Wannan "lafiya lau" ɗin ta fi ciwon cin ransa. Mutumin da a da ba a sakin ruwa a layinmu sai an ji ta bakinsa, ya koma wanda ake ɓoye wa magana kamar ƙaramin yaro.

Ana cikin haka ganyen tumatirin ya fara yin rawaya. Babban yayana ya ce yunwa ce, jibi zai ƙara taki. A tsakar gida suke maganar ƙasa-ƙasa, sun manta kunnen Baba bai shanye ba. Da na shiga kai masa kunu ya ce, "Uwata, me ya sami tumatirin?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Washegari da na taso daga makarantar da nake koyarwa a Kura, ban wuce gida ba, sai gona. Na tuɓe takalmi na bi kunya-kunya ina ɗaukar bidiyo. Na kawo masa wayar ina ta rawar kai. Ya kai ta kusa da ido, ya janye ta nesa, ya ce, "Kore kawai nake gani." Ya miƙo mini, ya juya fuskarsa bango. Ranar na ji haushin wayar nan kamar in buga ta da ƙasa.

Ina da wata tsohuwar kwamfuta da na yi karatu da ita, kuma wata malama a wurin aikinmu ta taɓa sa mini manhajar da ke nuna fuskar waya a kanta. Ban taɓa gwadawa ba. Na jona da kebul ɗin da na saya a tasha, shiru. Ashe caji kawai ya iya, ba ya ɗaukar komai. Na ƙwace na Yaya, babbansu, wanda ya zo a kwalin wayarsa. Sai kuma wani wuri can cikin saitin waya da sai an danna shi sau bakwai kafin ya buɗe. Ina dannawa ina ƙirgawa a fili, Yaya yana tsaye a bakin ƙofa.

"Malama, tsubbu kike yi wa wayar?"

"Yaya, ka dai tsaya ka sha kallo."

Wayar ta tambaye ni ko na yarda da wannan kwamfuta. Na ce na yarda. Sai ga fuskarta ɓaro-ɓaro a kan allon. Na kunna bidiyon na kwantar da wayar, gonar ta cika shi daga gefe zuwa gefe. Na ɗora kwamfutar a kan filo a cinyar Baba.

Ya ƙura wa allon ido. Can ya ce, "Tsaya. Koma baya." Na koma. Ni ganyen na je ɗauka, amma shi ba ganye yake kallo ba. Ya ɗora yatsansa mai lafiya a ƙasan allon, inda gefen kunya ya shigo bisa kuskure. "Buɗa mini nan." Na ware yatsu biyu a kan wayar, wurin ya girma a gabansa. Wani fari-fari ne ya kwanta a kan ƙasar kamar an barbaɗa gari.

"Wannan ba yunwa ba ce," in ji shi. Muryarsa ta dawo irin ta da. "Kanwa ce ta taso, ruwa ya kwanta musu a gindi. Kai, yaushe rabonku da share magudanar bayan gona?"

Yaya ya sosa ƙeya.

Baba ya ce, "Ciyawar kacalla ce ta toshe ta. In kuka zuba taki a kan wannan, kun ƙone shi da hannunku. Gobe da fartanya za ku fita, ba da buhu ba."

Yini biyu suka yi suna fama da kacalla. Ba duka tumatirin ya tashi ba, na ƙasa-ƙasa ya riga ya tafi, amma sauran ya murmure. Ni kuwa a satin nan ko Yaya bai isa ya aike ni ɗebo ruwa ba. Na yi alfahari, ba zan ɓoye ba, da kaina da kuma tsohon nan.

Daga nan Yaya da kansa yake ɗaukar bidiyon. Sai ka ji shi a ciki yana cewa, "Baba, ga kunya ta uku, duba mini nan." Da la'asar in jona kebul, su zauna a gefen katifa ana yi musu faɗa.

Wata rana wani abokin Baba ya zo dubiya, ya tarar ina naɗe kebul ɗin. Ya ce, "Malam, ya jiki? Zaman ɗaki ba daɗi."

Baba ya gyara hularsa da hannu ɗaya.

"Wane zaman ɗaki? Yanzun nan na dawo daga gona."