Shekarar da Aka Sayar da Fadamarmu

A shekarar da aka ce za a kawo babban birnin ƙasa kusa da mu, garinmu bai zama Suleja ba tukuna, Abuja ake kiransa. Na gama jami'a, na gama bautar ƙasa, na dawo ina koyar da tarihi a wata sakandare, ina haya a wani ɗaki bayan kasuwa. Burina in yi digiri na biyu kan hulɗar ƙasa da ƙasa, in shiga aikin jakadanci. Wurare biyu suka karɓe ni. Ɗaya wata makaranta ce a Ingila, wadda ko sunanta ka ambata sai an sake duban ka, amma ba tallafi, komai daga aljihunka. Ɗayar kuwa jami'a ce a Kudu, kuɗin makaranta kaɗan, har sun ce zan riƙa taya malamai duba takardun ɗalibai suna ba ni na abinci.

Ni a raina na riga na karkata ga ta Kudu. Ba don ban so ta Ingila ba, na so ta ƙwarai, sai dai na san gidan da na fito. Babanmu manomi ne a Maje. Abin da muka mallaka gonar doya ce a tudu, sai fadama da ake noman rake. Fadamar ce ke riƙe da gidan, domin daga ita ake yin mazarƙwailar da ake kaiwa kasuwa. Yayana, wanda bai yi boko ba, shi ke aikinta tun da ƙarfin Baba ya fara raguwa. Yana da mata da yara ƙanana.

Ran wata Juma'a na hau keke na tafi Maje in shaida wa Baba. Na tarar da baffana, ƙanen Baba, wanda ya yi shekaru yana akawu a kotu, mutum mai son a san da shi. Na yi musu bayanin wuraren biyu, na ce ta Kudu zan je.

Baffa ya ce, "Kai yaro, ka san abin da kake faɗa? Ni na zauna da manya. In aka zo rabon muƙami, ba a tambayar me ka karanta, ina ka karanta ake tambaya. Turawa su kira ka, ka ce ba ka zuwa?"

Na ce, "Baffa, kuɗin ne babu."

"Ga fadama? Tun da aka yi maganar sabon birni baƙi ke yawo da mota suna neman fili."

Yaya yana zaune gefe yana gyara ƙotar fartanya. Bai ɗaga kai ba. Sai Baba ya tambaye ni, "Wadda ta fi, wacce ce?"

Na ce, "A suna, ta Ingila. Amma Baba, karatun ɗaya ne."

Ya ce, "Ni ban tambaye ka karatu ba."

Na roƙe shi kada a taɓa fadamar. Na sake komawa sau da dama ina roƙo. Daga ƙarshe ya ce ya ga 'ya'yan sarakai da na attajirai suna hayewa ƙasashen waje, tunda Allah ya kawo nasa ɗan bakin ƙofa ba zai zama shi ne ya rufe ta ba, kuma in na ƙara tayar da maganar bai yafe ba. Na samu Yaya shi kaɗai a cikin rake, na ce ya sa baki. Ya ce, "Ƙasar Baba ce. In ka dawo ka zama wani abu, ai ka saya mana wata."

Mai gidan da nake haya wata dattijuwa ce 'yar Kudu, Kirista, mai sayar da atamfa, wadda ta dawo garin bayan yaƙin basasa ta sake kafa shagonta. Da ta ji labari ta kira ni tsakar gida. Ta ce da irin Hausarta, "Tica, kar ka bari a sayar da ƙasa. Ni na gudu na bar komai, na dawo, ƙasa kawai na samu tana jira na. Je ka wancan mai araha." Na ce mata maganar ta fi ƙarfina. Ta girgiza kai ta koma ɗaki.

Bayan an sare rake aka sayar. Na rubuta wa jami'ar Kudu na ce su ba wani gurbin.

Abin da babu wanda ya lissafa a cikinmu shi ne, samun kuɗin daban, fitar da su waje daban. Sai da izini daga wani ofishi a Legas. Na ɗauki hutu na tafi, na kwana a hanya, na cike takardu, aka ce in dawo. Na dawo, aka ce akwai takardar da makarantar za ta aiko. Ta aiko, aka ce an canza ƙa'ida. Kowace tafiya tana cin kuɗin mota da na masauki, kuma daga kuɗin fadama ake cira. Ina wannan zirga-zirga aka buɗe makaranta a Ingila. Suka yi mini kara suka ɗaga mini zuwa baɗi, amma suka sanar da ni cewa kuɗin ɗaliban waje zai ƙaru.

Damina ta sauka, gida babu rake. Doyar tudu ba ta isa ci da sayarwa ba. Yaya ya bi 'yan garinmu zuwa wajen Gauraka, inda ake fasa dutse ana ɗora wa motoci don aikin hanya. Kullum da sassafe yake fita, ya dawo hannu duk ya faffashe. Na kan kai masa abin da ya samu daga albashina, ya karɓa ya miƙa wa matarsa.

Ina cikin aji wata rana aka aiko in zo asibiti. Dutse ya gangaro daga bayan mota ya danne wa Yaya ƙafa da ƙugu. Asibitin garinmu suka ce aikin ya fi su, aka ɗauke shi zuwa Kaduna. Baba ya kira ni ya ce in ciro kuɗin. Yana faɗa yana kallon ƙasa, kamar shi ne mai roƙo. Na ce, "Baba, ai kuɗinku ne." Aka yi aiki, aka sake yi. Ya rayu, amma bai ƙara tsayawa da ƙafarsa ba. Abin da ya rage bayan an sallame shi ba zai kai ni ko rabin shekara a Ingila ba.

Izinin ya fito a ƙarshe, bayan ba abin da za a fitar. Baffa ya daina zuwa Maje. In mun haɗu a masallacin Juma'a sai ya ce ƙaddara ce, ya yi gaba da sauri. Mutumin da ya sayi fadamar bai noma ta ba, bai gina komai ba, ya dai kewaye ta da waya yana jiran farashi ya hau. Baba yakan zaga ta wata hanya in zai je gona don kada ya wuce ta wurin. Bai ga damina ta gaba ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki ya zama ajalinsa.

Na sake neman jami'ar Kudu, suka ce ƙofa a buɗe take. Amma a lokacin albashina ne abincin Innarmu, da matar Yaya, da yaransa. In na ajiye aiki, na abincin da za su ba ni ni kaɗai zai ciyar. Ban je ba. Na dawo da su duka cikin gari, muka kama ɗakuna biyu a gidan dattijuwar nan. Matar Yaya ta fara sayar da shinkafa da wake a bakin titi. Aka canza wa garin suna muna nan, ni kuma na ci gaba da koyar da tarihi har na yi ritaya.

Wata rana da la'asar, ina zaune kusa da tabarmar Yaya ina duba aikin ɗalibai, sai ya ce, "Wai ni kam, me za ka karanto a can ne? Ban taɓa tambayar ka ba."

Na ajiye biro. Na gaya masa yadda ƙasashe ke aika wakilai, yadda ake zama a sasanta kan iyaka ko ruwa ko ciniki kafin abu ya kai ga yaƙi. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba.

Ya ce, "Ashe abu ne mai amfani." Sannan ya ce, "Zo ka juya ni, wannan gefen ya gaji."

Na tashi na juya shi.