Ɗigon Jan Fenti a Motar 'Ya'yan Imer

Kada wani ya ce muku Usta Haki, Usta wato ogan makanikai, mutum ne mai daɗin sha'ani, ƙarya ne. Shekara ashirin ya yi yana gyaran tarakta a gonar gwamnati. Da gwamnatin ta watse ya tsallaka Girka a ƙafa, ya shekara shida yana kwance injin jiragen masunta, ya dawo da akwatin sifanu, babu haƙoransa biyu na gaba. Ya buɗe gareji a ƙasan gidansa, bakin hanyar da ke gangarawa garin Kukes. Bakinsa kuwa, subhanallahi! Ya taɓa jifan wani direban bas da guduma don kawai ya ce masa ya yi sauri, ɗinki bakwai aka yi wa mutumin. Amma duk motar da ta gagari mutanen kwarinmu wurinsa ake turo ta, a sha zagi, a tafi da ita garau.

Ranar wata Talata da hantsi yana shan kofi a ƙofar gareji, sai ga baƙar motar gidan tsoho Imer tarakta na jan ta. Bujar, babban ɗan Imer, ya fito, ƙanensa Agron na biye. Ko sallama babu. Suka buɗe but, suka finciko mutum suka yar a kan siminti. Shaban ne, mai sayar da fetur a gidan man da ke kan gada, wanda babu wani sai shi a kwarin kaf. An ɗaure masa hannu da igiyar jan mota, an yi masa jina-jina, idonsa na hagu ya kumbura ya rufe ruf.

"Kai, 'ya'yan banza, hauka kuke yi?" Haki ya daka musu tsawa. "Garejina mahauta ce?"

"Baba ya rasu, Usta," in ji Agron.

Shi ya ba da labarin. Da safe ƙirjin tsohon ya riƙe, suka sa shi a mota za su asibiti. Mai ya yi ƙasa, suka tsaya wurin Shaban ya zuba musu. Daga nan mota ta ce ba ta san zance ba. Da ƙyar ta tashi, tana fizga, tana tari, suka ɗan taɓa tafiya ta mutu a hawan dutse. Kusan awa guda suna fama, tsohon ya cika a kujerar baya, kansa a cinyar Bujar.

"Ruwa yake sayar wa mutane, ɗan iska!" Bujar ya kai wa Shaban shuri a haƙarƙari, har sai da aka ji ƙas. Ya zaro ƙaramar bindiga ya ajiye a kan bencin aiki. "Dattawa sun ce kada in kashe shi sai ka duba. To duba, Usta. Kana cewa man ne, a nan zan gama da shi."

"Wallahi, Usta, na rantse da 'ya'yana..." Shaban bai ƙarasa ba Agron ya taka masa baki da takalmi.

"Wanda ya ƙara taɓa shi kafin in gama, da jak zan fasa masa kai," Haki ya ce. Sun san zai aikata, suka ja baya.

Ya ɗauko kwalbar da matarsa Feride ke jiƙa barkono, ya goge ta tas. Ya shiga ƙarƙashin mota ya tsiyayo mai daga gindin tanki, inda ruwa ke kwanciya in akwai shi, ya dasa kwalbar a kan benci kusa da bindigar. Mutum huɗu suka zuba mata ido. Minti goma suka wuce, babu layin ruwa a ƙasa, babu laka. Ya ɗiga a tafin hannu, nan take ya bushe, babu maiƙon gas. Ya kwance fulogi ɗaya, ya same shi baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf. Injin ba yunwa ta kashe shi ba, mai ne ya yi masa yawa ya shaƙe shi.

"Ta saba yin haka?"

"Wata biyu ke nan," in ji Agron. "Duk muka sha mai sai ta yi ta tari, can ta ware. Mun sha yi wa wannan ɓarawon kashedi."

Haki ya share fulogin ya mayar, ya tada motar, tana kakkarwa kamar mai zazzaɓi. Ya zura hannu bayan injin ya matse wani siririn tiyo da filaya. Nan da nan injin ya daidaita, yana tafiya sumul. Tiyon nan shi ke kawo tururin fetur daga tanki, kuma akwai ɗan bawul a kansa da ya kamata ya zauna a rufe. In ya maƙale a buɗe, duk sanda aka zuba mai sai tururin ya tuɗaɗo cikin injin. Ya cire bawul ɗin ya hura, iska ta wuce zar. Da ya juya shi sai ga ɗigon jan fenti a gindinsa.

Duk abin da Haki ya ɗaura wa mota sai ya ɗiga masa jan fenti, don kada a kawo masa aikin wani a ce nasa ne, kuma babu wanda bai san haka ba. Ya tuna. Ƙarshen hunturu ne, ƙanƙara ta rufe hanyar birni, ya ciro wannan daga wata mushen mota a bayan gareji ya ɗaura, da niyyar in hanya ta buɗe ya sa sabo. Bai gaya wa kowa ba. Hanya ta buɗe, shi kuma ya manta.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Babban yatsansa ya rufe ɗigon. Ga tsumma jiƙe da fetur a ɗaya hannun, shafa ɗaya ta isa. Ko ma ya ce man ne, wa zai musa wa Usta Haki? Ya dubi Shaban, yana kwance yana shaƙar jininsa, ido ɗaya na kallonsa.

"Kunce shi," ya ce. "Mansa lafiya lau."

"To mene ne?" Bujar ya tambaya.

"Wannan ne." Ya ɗage yatsan, ya miƙa masa. "Tsohon bawul ne na sa muku na yi shiru. Ni ne, ba shi ba."

Bujar ya daɗe yana kallon ɗigon. Sai ya yi wani irin ihu, ya suri babbar sifana ya sauke wa Haki a kafaɗa. Haki ya durƙusa. Wannan mutum da ya fasa kawuna a garin nan ko hannu bai ɗaga ba. Bujar ya take hannunsa na dama a kan siminti, ya yi ta dukansa da sifanar har yatsun suka daina kama da yatsu. Feride ta sauko da gudu tana kururuwa, ta faɗa kan mijinta, Agron kuma ya rungume wansa ta baya lokacin da ya kai hannu ga bindiga.

"Yaya, Baba na kwance ba a rufe shi ba! A gidansa muke, al'adarmu ta hana kashe mutum a gidansa!"

Bujar ya tofa yawu, yana haki. "Cikin gidanka ba zan kashe ka ba, Usta. Amma duk ranar da ƙafarka ta taka titi, sai dai a kwashe ka."

Shekara tara ke nan Haki bai taka titin ba. Dattawa sun je sulhu sau uku, Bujar ya ƙi buɗe musu ƙofa. Ƙofar gareji ta yi tsatsa. Direbobi dai ba su fasa zuwa ba, sukan tsaya ƙarƙashin tagar bene su taka totur, shi kuma ya kasa kunne daga sama, ya zage su, ya gaya musu abin da za su kwance.

Shaban ya rayu, amma idon bai dawo ba. Rannan Feride ta je sayen kananzir ta ce masa mijinta na tambayarsa. Ya cika mata galan, ya ɗaure murfin, sannan ya ce:

"Ki ce masa na gode da raina, Inna. Idona kuma, shi ya cinye shi."