Ni Na Kori Hausa Daga Gidana a Guangzhou

A lokacin ni 'yar kasuwa ce mai ji da kanta. Daga Kano muka koma Guangzhou ni da maigidana, ina saro tufafi a kasuwar Shisanhang ina aika wa masu shaguna a gida. Da muka haifi ɗanmu sai na kafa doka: ba Hausa a gidana, Turanci da Sinanci kawai. A ganina Hausa ba za ta kai shi ko'ina ba, har dariya nake wa masu yi wa 'ya'yansu.

A wurin da ake ɗaure mana kaya na saba da wata Bakurdiya, wato 'yar ƙabilar Kurdawa, ita ma tufafi take saye. Kullum tana lissafin dila tana rera wani abu a hankali. Na tsokane ta, na ce ko waƙar soyayya ce. Ta ce waƙar mawaƙansu ce, kakarta ta haddace ta a zamanin da hukuma ta hana yarensu a makaranta da ofis. Na ce to waƙa ta taɓa korar soja? Ta ce a'a, ba aikinta ba ke nan. Mai mulki yana cewa babu ku, waƙa kuwa ita ke sa mutum ya buɗe baki ya ji da kunnensa cewa yana nan. Da yake ta san dokar gidana, sai ta tambaye ni wace hukuma ce ta hana ɗana yarensa. Na ji haushi ƙwarai, na kwashi kayana ko sallama ban yi mata ba.

Bayan 'yan kwanaki mahaifiyata ta kira daga gadon asibiti, ta ce a ba ta mijinta, irin wasan kaka da jika. Tana ta zolayarsa wai ya gudu ya bar ta ba cefane. Yaron ya miƙo mini wayar ya tambaye ni da Turanci me tsohuwar take cewa. Ta ji shi. Ta ce mini ba komai, Allah ya raya. Ba ta tashi daga ciwon ba.

Na yi kuka, na je na ba Bakurdiyar haƙuri. Tun daga ranar Hausa nake masa, a gida, a jirgin ƙasa, a gaban kowane laoban, wato mai shago. Wasu ƙawayena na cewa zan ɓata masa Turanci. Ya ɓaci ɗin, ban damu ba.

Abin da na gane shi ne, waɗancan an hana su yarensu da bindiga suka ƙi bari, ni ba wanda ya ce mini kanzil na yar da nawa. Iyayen da ke zaune a ƙasashen waje, ku yi wa 'ya'yanku yarenku tun masu jiran amsarsu suna raye. Ɗana yanzu ya iya mayar da zolaya sarai, sai dai wadda za ta zolaye shi ba ta nan.