Malam Nata'ala da Littattafan da Gara Ta Ci

Idan aka sallame sallar asuba a masallacin unguwarsu da ke Kabo, Malam Nata'ala ba ya komawa barci. Yakan shimfiɗa tabarma a bakin zaure, inda haske ke fara sauka, ya jawo wani tsohon gwangwanin madara cike da guntayen fensira masu launi, ya ɗora katako a cinya ya kama zane. Kafin matarsa Hajaratu ta miƙo koko ya gama shafi ɗaya, wani lokacin biyu. Bakwai saura kwata ya ɗaure jaka a bayan keke ya nufi makarantar firamaren wani ƙauye a mazaɓar Durun. A can ya koyar da 'yan aji ɗaya shekara talatin da biyar, har watan jiya da ya ajiye aiki.

Littattafan ban dariya yake yi wa yara, da hannunsa tun daga bango har bango. Wani mai fotokwafi a Gwarzo ne yake tara masa takardun da inji ya ɓata. Sai ya haɗa biyu ya manne su da ƙaro yadda ɓataccen gefen zai ɓuya, ya yanko kwalin taliya ya yi bango, ya ɗinke da basilla da zaren buhu. Kowane shafi hoto ne babba da layi ɗaya na rubutu a ƙasa.

Wanda yara suka fi so shi ne Zakara Mai Makara. A shafin farko ga zakara kwance rigingine cikin bargo, baki buɗe, an rubuta: "Rana ta fito. Zakara yana barci." A na biyu kaji sun kewaye shi suna buga masa faranti a kunne. A na ƙarshe ya farka da azahar, ya haye danga a guje, mutane suna tsakiyar cin abincin rana, shi kuma yana ta ihu: "Ku tashi, gari ya waye!"

Sunana Abdulnasir, na yi hedimastan makarantar nan shekara tara. Cikin duk waɗanda suka yi aiki da Malam, ni ne na fi rashin cancantar rubuta masa jinjina, shi ya sa na ga ni ya kamata in rubuta.

A shekarar 2011 aka turo ni. Ina da shekara talatin da uku, ga sabuwar takardar shaida, ga jin cewa na zo gyara ƙauye. Malam ya girme ni da shekara goma sha uku. A makona na farko ina zaune a ofis na ji aji ɗaya ya kece da dariya, har da masu buga benci. Na tashi a fusace. Na tarar da yara sun yi da'ira a ƙasa, Malam na tsakiya riƙe da littafi mai hoton akuya a bayan ɗan acaɓa, kunnuwanta na tashi a iska.

Na ce, "Malam, nan aji ne ko dandali?"

Ya miƙe tsaye ya ce, "Aji ne, Hedimasta. Karatu muke yi."

"Da wannan?"

"Da shi. Bismillah, zauna ka zaɓi wanda ka ga dama ya karanta maka."

Ban zauna ba. Da na zauna minti biyar ranar nan, da abin da zan ba da labari bai faru ba.

Dab da dogon hutu aka sanar da mu cewa masu duba makarantu suna tafe. Tsoro ya kama ni kada su ga akuya a kan acaɓa su rubuta cewa makarantata gidan wasa ce. Na kira Malam na ce ya tattaro littattafan duka. Bai yi musu ba. Da kansa ya jera su a buhu ya kawo ofis, ya ce, "Alfarma ɗaya nake nema. A ɗora su a kan benci, kada a ajiye a ƙasa."

Na ce to. Da ya fita na ja buhun zuwa sito, na jingine shi a lungu a kan dandaryar ƙasa, na kulle, don hankalina yana kan rajista da sharar fili. Baƙin suka zo, ko awa guda ba su yi ba suka tafi, aji ɗaya ma ba su leƙa ba. Aka yi hutu na wuce gida Unguwar Tudu da makullin a aljihu. Sau biyu Malam ya kira ni a waya yana tambayar ko zan shigo ya karɓi buhun. Na ce ya bari a dawo hutu, ai ba gudu za su yi ba.

Damina ta yi ƙarfi a shekarar. Ranar da aka koma makaranta na buɗe sito yana tsaye a bayana. Rufin ya yi yoyo, gara kuma ta gina gida tun daga ƙasa har bakin buhun. Da na ɗaga, gindin ya zube. Jar ƙasa ce kawai da zare.

Malam ya tsuguna ya sa hannu yana tonawa a hankali. Ya daɗe a haka. Abin da ya samu guntun kwali ne bai kai tafin hannu ba. Ya karkaɗe shi, ya yi salati, sannan ya ɗago ya ce, "To, Hedimasta, ko ba komai garar makarantarmu ta fi ta ko'ina ilimi."

Ya yi ɗan murmushi, ni na kasa. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa, bai juyo ba, ya ce, "Arba'in da uku ne." Aikin shekara ashirin ke nan.

Zangon nan gaba ɗaya bai kai ƙarata ko'ina ba, bai canja min fuska ba, bai makara ko sau ɗaya ba. Ya riƙa koyarwa da littafin hukuma, yana faɗa yara suna maimaitawa. Aji ɗaya ya yi tsit yadda nake so. Na lura yaran da ke zuwa sun fara raguwa, na ce wa raina kaka ce, an tafi da su gona.

Wata Laraba wata mata mai suna Furera, mai sayar da ƙuli-ƙuli a ƙauyen, ta yi sallama a ƙofar ofis. Bayan mun gaisa, ta tambayi iyali da aiki da gajiya, sai ta ce, "Hedimasta, wai Malamin 'yan aji ɗaya ba shi da lafiya ne?"

Na ce, "Lafiyarsa ƙalau, Inna."

Ta ce, "To me ya hana Zaituna zuwa da littafi gida? Yayyenta uku duk ranar Juma'a sukan zo da shi aro, mu zauna a tsakar gida su karanta mu sha dariya. Ita kuwa kullum sai na kora ta take tahowa."

Na fara kame-kame. Ta katse ni ta ce, "Ni fa ban taɓa shiga ajin boko ba. A littafin zakaran nan na san za, na san ka, na san ra. Yau in na je asibiti, da kaina nake zaro katina a cikin na mutane. Idan laifi Malam ya yi, ku yi haƙuri ku mayar masa da kayansa."

Ban iya gaya mata babu kayan da za a mayar ba. Da ta tafi na zauna ina tuna maganar nan ta mutanen da, rijiya ta bayar guga ya hana. Ni ne gugan.

Ranar Asabar na hau babur na tafi Kabo. Malam ya shimfiɗa min tabarma, ya sa aka kawo ruwa. Na faɗa masa komai, har da cewa ni da hannuna na ajiye buhun a ƙasa bayan ya roƙe ni. Na nemi gafara.

Ya ce, "Na yafe tun a bakin siton. Kada ka ɗauka fushi ne ya hana ni zane. In na ɗauki fensir sai in rasa ta inda zan fara. Wasu na manta farkonsu, wasu ƙarshensu. Da ma ban ajiye su a kai ba, tunda suna nan a takarda."

Sai muka ji muryar Hajaratu daga bayan ƙofar zaure tana cewa, "Malam, ku tambayi yaran mana. Ai sun fi ka sanin su. Ni ko in na je ƙauyen, a bakin rijiya ina jin suna rera su."

Ranar Litinin a wajen taron safe na tsaya gaban makaranta duka na ce littattafan Malam sun lalace, kuma laifina ne. Ban taɓa jin nauyin magana a bakina kamar ranar ba. Na ce duk wanda ya tuna wani littafi ya zo ya karɓi takarda ya rubuto, in kuma yana da wa ko ya da suka gama makarantar nan, ya kai musu saƙo.

Na zaci za mu samu biyar ko shida. Kafin mako uku tebur ɗina ya cika. 'Yan aji shida sun rubuto, 'yan aji uku sun rubuto da manyan baƙaƙe karkatattu. Matan aure sun aiko daga gidajensu. Wani bakanike mai suna Lukuman, wanda ya bar makarantar shekara goma sha biyu kafin nan, ya rufe garejinsa a Gwarzo ya taho da kayan aiki a jikinsa. Ya zauna a bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, ya rubuta labarin akuya da ɗan acaɓa tsaf, takardar duk baƙin mai. Nan gardama ta sarƙe tsakaninsa da wata 'yar aji shida. Shi ya rantse hula akuyar ta sa, ita ta ce ɗankwali ne.

Suka ce Malam ya raba. Ya dube su ya ce, "Ashe akuya biyu ce ban sani ba." Ya karɓi biro a hannuna ya zana su nan take, ɗaya da hula ɗaya da ɗankwali, ɗan acaɓa a matse a tsakiya. Wannan ne zanensa na farko bayan wata uku. Dariyar da aka yi har masu wucewa a hanya suka tsaya, kuma a wannan karon da ni aka yi ta.

Daga baya na tambaye shi me ya sa sai abin dariya. Ya ce, "Hedimasta, yaro yana iya maimaita abin da bai gane ba har ya ƙoshi. Amma ba ya dariya a kan abin da bai gane ba. In na ji dariya a shafi na uku, na san an karanta na ɗaya da na biyu." Na yi shekaru a kwaleji ana koya min yadda ake auna fahimtar ɗalibi, ban ji wanda ya faɗe shi a taƙaice haka ba.

Shekara biyu ya ɗauka yana sake zana su. Talatin da ɗaya suka dawo. Ya ƙara sababbi har suka haura sittin, malamai daga wasu makarantun Kabo da Gwarzo suna zuwa aro suna kwafa. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya rubuta sunansa a kai.

Malam Nata'ala, angon Hajaratu, kai ne ka karɓi yaran da suka zo makaranta suna kuka suna riƙe da zanin iyayensu, ka mayar da su gida suna jan iyayen su zo su ga zakara. Kai ne ka koya wa matan da ba su taɓa taka ajinka ba karatu, ba tare da ka sani ba. Kai ne ƙaramin yaro ya zo ya ɓata maka aikin shekara ashirin, ka ci gaba da tashi tsaye in ya shigo, kana kiransa Hedimasta. Ba a taɓa kiranka wani taro an ba ka lambar yabo ba. Ni dai na gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara maka lafiyar ido da ta hannu, ya sa ka tarar da wannan aiki a mizani.

Ku kuma 'yan'uwana malamai, ba sai kun iya zane kamarsa ba. Yara ba sa raina akuya don ƙafarta ta karkace. Ku nemi kwali ku gwada. Shugabannin makarantu kuwa, in kun ji aji ya kaure da dariya, ku shiga ku zauna tukuna kafin ku yanke hukunci.

Saura roƙo ɗaya. Littattafai goma sha biyu ba su dawo ba har yau, kuma suna wuyana. Da na je yi masa murnar ajiye aiki, Malam ya ce akwai ɗaya da ke damunsa. Ya tuna wani kare ya je kasuwa ya sayi takalmin ƙafafu biyu kacal, ya dawo gida yana taƙama, sai a bakin ƙofa ya duba ya ga ashe ƙafafunsa huɗu ne. Daga nan ya ce ya yi ta tunani ya kasa tuna abin da karen ya yi.

Idan ka zauna a ajinsa tsakanin 1991 da 2011, ko ke ce kika zauna, kuma kun san yadda karen nan ya ƙare, don Allah ku je ku gaya masa. Yana gida kullum bayan la'asar.