Zanen Da Na Rufa Wa Sola

Tun ina da ciki nake lissafin watanni, na ga haihuwar za ta faɗo a bakin bazara. Ɗakinmu a Tarauni rufin kwano ne, silin ɗin duk ya ɓuɓɓule. A Gyaɗi-Gyaɗi inda na tashi na taɓa ganin jaririn maƙota da zafi ya galabaitar har aka kwantar da shi a asibiti. Abin da nake gani ke nan duk sanda na rufe ido.

Wuta kuwa sai ta ga dama. A rediyo ana ta cewa an raba unguwanni aji-aji, kuma nan gaba Arewa da rana za ta dogara. Ban fahimci rabon ba. Na dai lura rufin gidajen layinmu yana ta yin baƙi da farantan sola ɗaya bayan ɗaya.

Bayan suna da mako biyu maigidana ya kawo masu haɗa sola. Da suka yi sallama na ɗauki yarinyar na shige ɗakin maƙociyata, kamar yadda ake yi idan maza za su shigo. Duk bayanin da suka yi, shi suka yi wa. Da na fito na tarar da faranti biyu a kan rufin kicin, da batir a lungu, fanka tana juyawa.

Gilashi ne, na gani da idona. Ni kuma na san abin da ranar Kano take yi wa kaya: bokitin roba ya tsage, atamfa ta koɗe. A gidanmu ba a barin abu mai daraja a buɗe, talabijin da mayafinta, keken ɗinki da nasa. Saboda haka kullum idan ya fita da safe sai in taka turmi in shimfiɗa tsohon zanena a kan farantan, in danne da duwatsu. La'asar in kwashe tare da shanya.

Fanka ta fara mutuwa kafin azahar. Ƙuraje suka feso wa yarinyar a wuya da baya, ba ta barci, nono ma sai ta kama ta saki. Ina yi mata fifita da mafici har hannuna ya sage. Maigidana ya ce an sayar masa da jabun batir, ya yi ta faɗa a waya.

Ranar da ɗaya daga cikin masu haɗawar ya dawo gyara, da tsakar rana ya zo, maigidan yana biye da shi. Na manta da zanen. Daga bayan labule na ji mai gyaran ya kwashe da dariya.

"Alhaji, wa ya yi wa solarka lulluɓi? Amarya ce?"



"Hajiya," ya ɗaga murya, "ke ce?"

Na ce ni ce, kada rana ta fasa shi.

"Ai ranar ita ce tuwonsa! Kin hana shi cin abinci, kuma kina so ya yi aiki."

Maigidana ya ce, "Me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Mai gyaran ya tsaya a tsakar gida ya yi bayani da ƙarfi yadda zan ji: a goge da jiƙaƙƙen tsumma da sassafe, kada a ɗora komai, ko inuwar igiyar shanya tana rage masa ƙarfi. Washegari fanka ta kai magariba tana juyawa. Ƙurajen sun ɗauki kwanaki kafin su bushe, akwai ɗan tabo har yanzu a ƙeyarta.

Daga baya na ga wata a layinmu ta shanya kuɓewa a kan nata. Na shiga na gaya mata.

Idan kana haɗa sola, ko za a haɗa a gidanka, don Allah a yi wa matar gidan bayani, ko ta bayan labule ne. Ita ce take wuni da shi.