Fushin da Na Aro a Bakin Mudir

Mu Hausawa in mun yi fushi da babba, gaisuwa muke ragewa. Da wannan makamin na je Riyad, kuma wallahi ko albasa bai yanka ba.

Direba nake a shekarun da ake ta haƙa birnin saboda jirgin ƙasa. Kamfani ya haɗa ni da wani injiniya ɗan Sifaniya, ina kai shi rumbunan ajiya na Birnin Masana'antu na Biyu. Mudir nake ce masa, wato shugaba, muna lallaɓawa da gurgun Larabci da guntun Turanci. Ana nan sai ƙanwata ta bugo waya daga Gusau, ta ce jikin Inna ya yi tsanani, kullum ni take tambaya. Iƙamarka, wato takardar izinin zama, a hannun kamfani take. Ba ka fita ƙasar sai kamfani ya sake ka, kamfani kuwa sai mudir ya sa hannu. Na roƙe shi, ya ce aiki ya yi yawa, in bari sai bayan babbar salla. Bakina, munafukin nan, ya ce, "Mafi mushkila." Wai ba komai.

Sai na shiga yi masa fushi irin na gida. Na daina tambayarsa iyali. Ya miƙo gahawa, na ce na ƙoshi. Na kashe rediyo, na murtuke fuska. A Gusau ka yi wa babba haka, kafin la'asar an kira ka an ji dalili. Shi kuwa bawan Allah sai ya dafa kafaɗata, ya ce yana jin daɗin motar yanzu, shirun yana ba shi damar tunani. Takaici kamar ya kashe ni.

Wani dattijo ɗan Maraɗi da muke ɗaki ɗaya a unguwar Dira ya ce mini, "Ɗana, mai zaman iƙama ba ya ɗaga murya. Mahaƙurci mawadaci."

Na ce, "Baba, Inna ce ba ta da lokacin jiran wadatar."

Na daɗe da lura cewa mudir da mutanensu ba sa ɗaukar magana da gaske sai an yi ta da ƙarfi. A waya zai yi ta hargagi yana dukan gwiwa, can kuma ka ji an shirya ana dariya. Rannan a cunkoso na tambaye shi ma'anar abin da yake faɗa. Ya yi murna ya samu ɗalibi. "Basta ya," ya isa haka. "Estoy harto," tura ta kai bango. "No es justo," wannan ba adalci ba ne. Har gyara yake mini: kada in sunkuyar da kai, in kalli ido, in buɗe hannu. Da ya zo kan ashar na ce ya riƙe abinsa. Ba uwarsa ce ta yi mini laifi ba.

Duk sanda ya sauka sai in rufe gilashi in yi ta maimaitawa. Da Larabci tsoro ke riƙe mini harshe, da Hausa kunya. Sifaniyanci kuwa babu wani babbana a cikinsa.

A kasuwar Al-Aziziya abin ya faru. Ya sayo lemo, ya shigo yana lissafa mini wuraren da za mu je har zuwa salla. Na kashe mota a tsakanin manyan motocin kankana, na juya, na zuba masa ido. Na san waya ɗaya zai buga iƙamata ta mutu. Na zazzage masa duk abin da ya koya mini, da hannu da komai, na ƙare da Larabci: uwata tana mutuwa.

Fuskarsa ta yi ja. Ya ɗaga murya, na ɗaga tawa ta fi tasa. Can ya ce, "Ai kai ka ce mafi mushkila." Washegari ya sa hannu.

Dattijon ya ce na yi rashin kunya. Na yarda, kuma da za a sake, da na fara tun ranar farko.

Na tarar da Inna a kan tabarma, ta rame, amma ta gane ni tun daga sallama. Ba ta kai babbar sallar da aka ce in jira ba. Ranar da na iso ta riƙe hannuna ta ce, "Kana dai haƙuri da mutane a can ko?"

Na ce, "Ina yi, Inna. Da Hausa da Larabci duk ina yi."